Wa Ya Ƙirga Itatuwan da Suka Rayu?

A farkon daminar bana wata ƙungiya mai zaman kanta da ke dashen itatuwa tsakanin Funtuwa da Malumfashi ta kira ni zaman sulhu, kasancewar ina cikin masu ba ta shawara. Ma'aikatanta uku, 'yan shekara talatin da ɗoriya, sun miƙa takardar ajiye aiki a mako guda. Shugabanta, dattijon da ya yi furfura a aikin gandun daji, ya riga ya yanke hukunci: yaran zamani ba su da haƙuri, ba su san girman na gaba ba. Ni ma da wannan zaton na shiga.

Ɗaya daga cikinsu tsohuwar ɗalibata ce. Ta russuna ta gaishe mu, sannan ta ce: "Malam, a gafarce ni. Albashin ya yi kaɗan, amma ba shi ya kore ni ba. Bara mun raba dashe a ƙauyukan Bakori, aka ɗauki hotuna, aka aika wa masu tallafi rahoto. Da rani na roƙi kuɗin mota in koma in ƙirga waɗanda suka rayu, sai aka ce in zauna a ofis, ba wanda ya aike ni."

Abokan aikinta suka ɗora nasu. A taron mako babba ke magana, ƙarami ya ce to. An fi kula da rajistar zuwa aiki a kan abin da aka shuka. Ana tura su ƙauyukan bakin daji a kan babur, cikin wannan hali na rashin tsaro, ba mai buga waya ya ji ko sun dawo lafiya. Kwantiraginsu na wata shida ne, kuma tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin hanya ke lashe abin da suke samu.

Na yi shiru. Mu an raine mu a kan cewa aiki biyayya ne da jiran lokaci, sakayyarsa kuwa ƙarin girma da fansho. Su ba wanda ya yi musu wannan alkawari. Abin da ya rage musu shi ne aikin ya zama na gaskiya, kuma a saurare su.

Sai na tuna da Maradi. A farkon shekarun 1980 dashen da ake yi a can mutuwa yake ta yi, har wani matashi ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai. Manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo suna gyara shi, miliyoyin itatuwa suka dawo a kudancin Nijar. Da bai yarda cewa dashensa ya gaza ba, da bai dubi kututturen ba.

Gaskiya ne, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma wanda ke tsaye a gona yana ganin abin da ba a gani daga kujerar ofis.

Biyu sun tafi, ba su waiwayo ba. Ita ta tsaya, bayan dattijon ya amince ta je ta yi ƙirgen. Adadin da ta kawo bai yi daɗin ji ba, amma ya sa shi a rahoto yadda yake. Ni kuwa na koma sashenmu a jami'a ina lissafin matasan malaman da muka daɗe muna zama taro tare, ban taɓa jin ra'ayinsu ba.