Mai sarewar Rock Creek

Shekarata ta farko a Washington, ɗakin da na kama yana bakin kurmin Rock Creek. Wajen ƙarshen Afrilu, na idar da sallar asuba ke nan, sai na ji wani sauti daga cikin itatuwa kamar ana busa sarewa a cikin rijiya. Na ɗauka tsuntsaye biyu ne ke amsa wa juna. Wata tsohuwa maƙwabciyata, wadda ba ta rabuwa da madubin hangen nesa, ta yi mini dariya, ta ce ɗaya ne. Kafa biyu ce a maƙogwaronsa, kowace da nata sauti, kuma tare suke fita. Wood thrush suke ce masa, shi ne ma tsuntsun da birnin ya zaɓa ya zama nasa.

Na yi makonni ina ɗaga kai ina nemansa, ashe a ƙasa yake kiwo. Ran da na gan shi, yana ta barbaza busassun ganye yana neman tsutsa da dodon-koɗi. Bai kai kurciya ba. Kansa ja-ja, bayansa ruwan ƙasa, ƙirjin fari fat da manyan ɗigo-ɗigo baƙaƙe, ga farin zobe a kewayen ido. Cin dodon-koɗin nan ba kwaɗayi ba ne: da ɓawonsa macen ke samun abin gina ɓawon ƙwanta, shuɗaye, uku ko huɗu.

Tsohuwar ba ta ƙaunar wata tsuntsuwa mai suna cowbird, wadda kan saci jiki ta zuba ƙwai a sheƙarsa, ta bar shi da renon ɗan wani. Inda aka sassare kurmi ya zama gutsi-gutsi, nan abin ya fi muni. Daga 1966 zuwa yau, wajen rabin yawan wood thrush ya tafi.

Da kaka ta kama sai kurmin ya yi tsit. Cikin dare tsuntsayen ke tashi, su nufi dazuzzukan da suka miƙa daga kudancin Meziko har Panama. Na shiga sanyin hunturu ni kaɗai, har ina jin haushin sun riga ni tafiya inda ake rana.

Afrilu na zagayowa na kira gida. Inna ta ce shamuwa ta sauka a kan tsamiyar ƙofar gida, ruwa ya kusa. Na ce mu ma namu baƙon ya iso, na miƙa wayar ta taga. Ta yi shiru tana saurare, can ta ce, "Ɗan nan, biki ake yi a unguwarku da sassafe haka?"