Mil 12: Kasuwar Da Ke Sauƙaƙa Cefane A Ikko

Duk wanda ya bi hanyar Ikorodu da asuba, ya wuce Ketu, ƙamshin albasa da attarugu ne za su fara gaya masa ya iso kasuwar Mil 12. A nan ne manyan motoci ke sauke kayan miya daga Arewa, bayan tafiyar kilomita wajen 1,000 daga Kano. Tumatir na zuwa daga gonakin rani na Kadawa da Kura, albasa daga Sakkwato da Aliero, doya kuwa daga Binuwai da Neja. Hausa da Yarabanci duka suna aiki a wurin ciniki, har ma kalmar gyara ta zauna a bakin mutanen Ikko, suna cewa jara.

Babban abin da ke kawo magidanta nan shi ne tsadar cefane. Kafin tumatir ya isa teburin mai kashi a unguwa, ya bi ta hannun dillali da ɗan sari da ɗan dako da direba, kowa kuwa ya ɗora nasa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya hau, ma'aikaci ya ga albashi na ƙarewa wata bai raba ba.

To, amma a wurin 'yan sari ba a sayar da kashi. Tumatir da kwando ake saye, albasa da buhu, doya da ƙwarya, watau guda 100. Gida ɗaya ba zai cinye kwando kafin ya ruɓe ba. Saboda haka maƙwabta huɗu ko biyar kan haɗa kuɗi, su tura mutum ɗaya, a biya kuɗin mota da na dako sau ɗaya, a raba kaya a gida. Matan sukan markaɗa rabonsu, su dafa har ruwan ya tsane, su adana.

Sanin lokaci shi ma kuɗi ne. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin rani ke cika kasuwa, tumatir da albasa sukan faɗi. Da damina ta kama, wajen Mayu zuwa Yuli, sai kaya su yi wuya. Mai dabara yakan sayi busasshen tumatir da tattasai tun suna araha. A cikin yini ma akwai bambanci. Mai sammako yana samun kaya masu kyau, mai zuwa da yamma kuma yana samun rangwame, don mai tumatir ba ya son kayansa su kwana.

Sai dai masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Wani kwandon samansa jawur, ƙasansa ruɓaɓɓe, shi ya sa gogaggun masu saye ke sa hannu su duba ciki kafin su biya. Akwai kuma fasasshen tumatir da Yarabawa ke kira esha, wanda ake sayarwa da sauƙi. Wanda ya fara fumfuna bai kamata a kai shi tukunya ba, don kuɗin magani zai cinye abin da aka rage.

Kasuwar ta sha nuna wa Ikko inda abincinta ke fitowa. A 2016 tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, farashi ya ninka. A farkon 2021 kuma fataken abinci na Arewa sun tsayar da lodi na 'yan kwanaki, miya ta gagari gidaje da dama.

Da hantsi, in rana ta ɗaga, za a ga mata a bakin titi suna jiran mota, kwando a gabansu, ɗaya riƙe da takardar da aka rubuta abin da kowane gida ya bayar.