Inji Ya Buga a Kan Kogin Ounasjoki

Hausa ba ta da suna tsayayye ga wannan abin hawa, domin ƙasarta ba ta taɓa buƙatarsa ba. 'Yan Finlan na kiransa moottorikelkka, mu kuwa sai mu ce babur ɗin ƙanƙara: sanduna biyu masu sulɓi a gaba a madadin taya, faffaɗan bel na roba a baya yana tura shi. Joseph-Armand Bombardier, mutumin Valcourt ta Kanada, shi ya fito da samfurin Ski-Doo a 1959, kuma a garin Rovaniemi na arewacin Finlan ake ƙera ɗan'uwansa mai suna Lynx. A can makiyayan barewar arewa da masu gyaran layin lantarki da shi suke aiki. Baƙi kuwa haya suke ɗauka.

Cikin waɗannan baƙi akwai wani Bakatsine mai karatun digiri na uku a ƙasar. A ƙarshen watan Maris ya ɗauki hayar babur ɗin na yini guda daga wani ƙaramin kamfani, ya nuna lasisin tuƙi, ya sa hannu a takarda mai shafi biyu, ya bi hanyar da aka shata a kan kogin Ounasjoki wanda ya daskare. Bai kai awa biyu ba injin ya yi wata ƙara, ƙarfinsa ya sare, ya mutu. Aka zo aka ja babur ɗin, ma'aikacin ya ce kada ya damu, sai an duba. Bayan kwana tara takardar kuɗi ta iso: Yuro 3,400, kuɗin fistan da silinda da ladan aiki da na janyowa. Dalilin da aka rubuta layi ɗaya ne, wai injin ya yi zafi fiye da kima saboda rashin kulawar mai haya.

Abin da ya fara ɗaure masa kai shi ne inshora. Ya tuna an gaya masa cewa iyakar abin da zai biya idan an yi ɓarna Yuro 950 ne. Da ya sake karanta takardar sai ya ga wannan iyaka ta shafi karo da kifewa kawai. Lalacewar inji da aka danganta da sakaci ba ta cikin lamunin, duk nauyinta a wuyan mai haya yake. Wato wanda ya afka wa bishiya ya fi wanda injinsa ya mutu a hannunsa samun sauƙi. Akwai abin dubawa a wannan tsari, domin karo kowa na ganinsa da ido, amma sakaci hukunci ne, kuma wanda zai karɓi kuɗin shi ya yanke shi.

Kamfanin dai yana da hujjarsa, kuma ba ta banza ba ce. Yawancin waɗannan injuna ba su dogara da lagireto irin na mota ba. Ruwan sanyaya inji yana bi ta wasu faranta na alminiyam da ke ƙarƙashin mazauni, bel ɗin yana watso musu dusar ƙanƙara, ita ke ɗauke zafin. Idan aka daɗe ana gudu a kan ƙanƙara mai tauri wadda iska ta share, babu dusar da za ta taso, sai zafi ya hau ko da gari na cikin tsananin sanyi. A ƙarshen hunturu, da safe, haka saman kogi yake. Fitilar gargaɗi takan kama, wanda ya sani sai ya ratse cikin dusa mai laushi ko ya tsaya ya zuba ta da hannu. Baƙon da ba a gaya masa ba, ina zai sani? Shi dai ya ce bayanin da aka yi masa bai wuce na totur da birki da maɓallin kashe inji ba, kuma bai ga fitila ta kama ba.

Kuɗin ya fi abin da yake samu a wata biyu. Bayan haka, a Finlan bashin da ya kai ga hukuncin kotu yakan bar wa mutum tabo a rajistar masu bashi, tabon da kan hana shi hayar ɗaki ko layin waya na biyan wata. Ga baƙo mai zaman karatu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya fi ci masa rai kalmar sakaci ce. Ya taso a gidan da ake karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, inda hukuncin yake cewa wanda ya ɗauki hayar kaya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, kuma maganarsa ake ɗauka sai in ƙaryarsa ta bayyana. Takardar da ya sa wa hannu ta juya wannan: shi ake zargi, shi kuma zai wanke kansa, alhali injin yana kulle a garejin mai ƙararsa.

Yayansa, bakanike ne da ya shekara ashirin yana buɗe injin babur da janareto, bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma ta waya ya tambayi abu ɗaya: injin mai shan baƙin mai tare da fetur ne? Da aka ce masa haka ne, sai ya ce, “To ƙanena, kada ka yi musu da su a kan abin da ba ka gani ba. Ka ce su nuna maka fistan ɗin. Fistan ba ya ɓoye abin da ya kashe shi.” Ya yi masa bayani cewa zafi yakan fi cin gefen da hayaƙi ke fita, ƙarancin baƙin mai kuwa yakan karce jikin fistan ko'ina, kuma zoben da ya tsufa ya karye yana barin tasa alamar dabam.

Da wannan ya rubuta wa kamfanin, cikin ladabi, cewa bai amince da kuɗin ba, yana neman abu uku: hotunan sassan da aka cire, takardar gyaran da aka yi wa babur ɗin na ƙarshe, da bayanan da kwamfutar injin ta adana, domin irin waɗannan injuna suna rubuta awannin aiki da lokutan da zafi ya wuce iyaka. Ya kuma tuntuɓi ofishin ba masu saye shawara na hukumar KKV, inda aka gaya masa cewa in sulhu ya gagara yana iya kai ƙara Kuluttajariitalautakunta, kwamitin sasanta rigingimun masu saye. Ba a biyan ko kwabo, a rubuce ake komai, sai dai hukuncinsa shawara ce, kuma yakan ɗauki watanni.

Amsa ta zo bayan mako uku, ba ta wanke kowa sarai ba. Kwamfutar ta nuna zafi ya hau a ranar, sau ɗaya, dab da mutuwar injin. Ta kuma nuna ya hau sau huɗu kafin nan, a hannun wasu masu haya. Takardar gyara ta nuna an wuce lokacin duba injin da nisa. Hotunan fistan ba su zo ba, wai an riga an zubar da sassan. A nan hujjar kamfanin ta yi rauni, domin wanda ke neman Yuro dubu uku a kan shaidar ƙarfe bai kamata ya jefar da ƙarfen ba.

Suka ce a raba biyu. Ya ƙi, ya ce zai biya kuɗin janyowa, tunda lalle an ja shi, sauran kuma a bar wa kwamiti. Kwana goma bayan haka sabuwar takarda ta iso da Yuro 280. An cire layin sakaci, ba a kuma rubuta wani dalili a gurbinsa ba. Ya biya a ranar, ya adana rasit ɗin tare da bayanan kwamfutar.