Shekara Goma Sha Ɗaya A Tsugune

A shekarar 1997 ina karatun aikin gona a jami'ar da ke Fargo, cikin Jihar Dakota ta Arewa a Amurka. Wata ranar Asabar dattijon da nake haya a gidansa ya ce in zo ya kai ni kallon wasan besbol. Na bi shi don kada in watsa masa ƙasa a ido, alhali ban san kan wasan ba balle gindinsa.

Ga yadda abin yake. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo, wani kuma ya tsaya da kulki yana neman ya make ta. A bayan mai kulkin akwai wani a tsugune, fuskarsa cikin ragar ƙarfe, ƙirjinsa da ƙwaurinsa cikin sulke. Shi ne mai cafe. Da yatsunsa yake nuna wa mai jifa irin jifar da zai yi, sa'an nan ya tare ƙwallon da gudunta kan kai mil 90 a awa. Kafin a tashi wasa ya tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari. In an ci, a yabi mai jifa. In ƙwallo ta kuɓuce, a zage shi.

Wanda na gani tsugune a ran nan sunansa Chris Coste, haifaffen Fargo ne a 1973. Da ya gama kwaleji babu wata babbar ƙungiya da ta waiwaye shi. A kwaleji ma ba cafe yake yi ba, daga baya ya koyi aikin, don wuri ne da ba kowa ke so ba. Ya yi wa ƙungiyar garinsu, RedHawks, wasa daga 1996 zuwa 1999, bisa albashin da bai taka kara ya karya ba.

A Amurka kuwa wasan nan hawa-hawa ne. Akwai babban rukuni, inda kuɗi da suna suke, ƙarƙashinsa kuma akwai ƙananan rukunoni, inda samari ke kwana cikin bas daga gari zuwa gari suna jiran kira. Mafi yawansu har su bar wasa kiran ba ya zuwa. Coste ya shiga ƙananan ƙungiyoyin Cleveland a 2000, ya koma na Boston a 2003, na Milwaukee a 2004, na Filadelfiya a 2005. Farkon 2006 ya yi fice a wasannin gwaji, kowa ya ɗauka kakarsa ta yanke saƙa, sai a ƙarshe aka sayo wani, shi kuma aka mai da shi ƙasa.

Ni kuwa tuni na dawo gida ina koyarwa a wata makarantar aikin gona. A wannan shekara ta 2006 sunayen ƙarin girma suka fito karo na uku babu nawa, har wani da na koyar ya zama shugabana. Na rubuta takardar barin aiki, na sa a aljihu, ina jiran ƙarshen wata. Uwargida ta yi magana har ta gaji.

Ana nan sai ga wasiƙa daga tsohon maigidana na Fargo, da guntun jarida a ciki. Ashe a watan Mayu ƙungiyar Phillies ta kira Coste babban rukuni, yana da shekara 33, bayan shekara 11 a ƙananan rukunoni. Ko a nan sai da ya riƙe kulki sau 13 bai dace ba kafin abin ya kama. Na karanta, na sake karantawa, na tuna gwiwoyin nan da na gani a ƙura.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin nan bai yi jiransa a zaune ba. Ya nemi aikin da ake gudu, ya ƙware a kansa, har ranar da aka rasa wanda ya fi shi. Na yayyaga takardata. Washegari na roƙi a ba ni gonar gwaji ta makaranta, wadda kowa ke ƙi saboda rana da sammako.

Coste yana cikin ƙungiyar Phillies da ta ci kofin World Series a 2008, ya yi shekararsa ta ƙarshe a babban rukuni a 2009. Nawa ƙarin girman ya zo ana saura shekara biyu in yi ritaya.

Jama'a, ba na yi wa kowa alkawarin kofi. Da yawa sun tsuguna kamar Coste, gwiwa ta mutu, ba a taɓa kiransu ba, kuma ba don sun kasa ba. Amma ɗaliban da suka koyi dashe da ban ruwa a gonar nan sun koya, ko an ƙara mini girma ko ba a ƙara ba. Wanda ke da takarda irin tawa a aljihu, ya dubi aikin da ake gudu a wurinsu kafin ya miƙa ta. Allah ya sa mu dace.