Wasiƙa kan cikin ƙanwarki

Aminiyata,

Saƙonki ya iso, kuma batun ƙanwarki ya tsaya min a rai. Kin ce cikin wata shida ne amma sai ka rantse tagwaye ne, hoton ciki ya nuna ruwa ya yi yawa, kuma haka aka yi a na fari har ta haifi bakwainin da bai zo da kwana ba. Allah ya sa mai ceto ne.

Abubuwa da dama na kawo yawan ruwa, har da ciwon suga. Amma tunda ya maimaita, ga shi kuma auren zumunci ne, ina so likita ya binciki wata cutar ƙoda da ba a cika gani ba. Bartter ake ce mata, sunan likitan Amurka da ya bayyana ta a 1962. Ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, yawancinsa fitsarinsa ne. Idan yana da cutar, ƙodarsa ba ta riƙe gishiri, gishirin ya fice ya ja ruwa, yaro ya yi ta fitsari har mahaifa ta cika ta ɗame, naƙuda ta taso ba lokacinta ba. Galibi sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadon, alhali su lafiyarsu ƙalau. Don haka dangin miji su daina ɗora wa yarinyar nan laifi.

Abin da ya kwantar min da hankali shi ne ana fara magani tun yaro na ciki. Akan zuƙe ruwan da allura don uwa ta samu numfashi, akan kuma ba ta indometasin, ya ratsa mabiyiya ya rage fitsarin yaron, ciki ya ƙara makonni. Kin san shi, Indocid ɗin nan da ake zuba wa ɓeraye a abinci. To don Allah kada wani ya aika kemis a sayo mata! Akwai wata jijiya kusa da zuciyar ɗan tayi da dole ta zauna a buɗe har haihuwa, maganin yana iya tsuke ta, musamman bayan mako 32. Shi ya sa ake ba da shi ana duba zuciyar yaron akai-akai.

Akwai ma nau'in da aka gano a 2016, mai kama 'ya'ya maza galibi, wanda ke warkewa da kansa bayan haihuwa, matuƙar an tsallakar da yaro.

Ki sa su nemi takardar turawa asibitin koyarwa cikin makon nan, inda ke da ɗakin bakwaini, su tafi da katin awon cikin fari. Duk abin da likita ya ce ki sanar da ni. Ki gaida min Inna, ki yi wa ƙanwar tamu sannu.

Taki har kullum,
Aminiyarki