Mutum Biyu Daga Cikin Talatin Da Bakwai

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada ta marubuta wadda ta sha bamban da bikin ƙaddamar da littafi da aka saba gani a ƙasar Hausa. Idan marubuci ya fitar da sabon littafi, yakan shirya da mai kantin sayar da littattafai a tsayar da rana. In ranar ta zo, sai a ajiye masa tebur da kujera a wata kusurwa ta kantin, a jera kwafe-kwafen littafin a gabansa, shi kuma ya zo da alƙalaminsa ya zauna. Duk wanda ya sayi littafin sai ya miƙa masa, ya rubuta sunan mai sayen a shafin farko, ya ƙara 'yar gaisuwa, sannan ya rattaba hannu. Iyakar shagalin ke nan. Babu shugaban taro, babu mai sharhi, babu babban mai ƙaddamarwa da zai miƙe ya sayi kwafi guda a kan kuɗin da ya ninka farashinsa sau ɗari. Ana sayar da littafin ne a kan kuɗin da aka buga a bayansa.

Wannan sauƙi nasa shi ne kuma haɗarinsa. A wurin ƙaddamarwa, ko da zauren bai cika ba, akwai dangi da abokan arziki da manyan baƙi da za su rufa wa marubuci asiri, kunyar ma idan ta zo rarraba ta ake yi. A bakin teburin sa hannu kuwa, daga marubuci sai ƙofar kanti. Duk lokacin da aka turo ƙofar sai ya ɗaga kai, yana fatan wurinsa aka nufa.

A irin wannan kujera ce wata matashiyar marubuciya mai suna Chelsea Banning ta zauna ranar Asabar, 3 ga watan Disamba, 2022, a wani ɗan kantin littattafai da ke garin Ashtabula, a gaɓar tafkin Erie, cikin jihar Ohayo ta Amurka. Ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, kuma a wannan shekarar ne littafinta na farko, Of Crowns and Legends, ya fito. Ƙagaggen labari ne da ta gina a kan 'ya'yan Sarki Arthur, wato sarkin nan na tatsuniyoyin Birtaniya, irin labarin sarauta da yaƙi da matasa ke ƙaunar karantawa. Fiye da shekara 15 ta yi tana fama da shi, tun tana yarinya 'yar makaranta. Da aka sanar da ranar sa hannun ta intanet, mutum 37 suka nuna cewa za su halarta. Da ranar ta zo, mutum biyu suka zo.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan waɗannan alƙaluma. Da a ce ba wanda ya yi mata alƙawari, da zuwan mutum biyu bai yi ciwo haka ba, domin wanda bai sa rai ba, ba ya ganin rashi. Amma talatin da bakwai adadi ne da mutum zai iya ƙirgawa da fuskoki. Zai yi tunanin ko kwafen da aka tanada za su isa, ya shirya abin da zai faɗa, ya zaɓi tufafin da zai sa. Su kuwa waɗanda suka yi alƙawarin, danna maɓalli kawai suka yi, abin da bai ci musu kwabo ba. Fitowa daga gida cikin sanyin Disamba na arewacin Ohayo wani abu ne daban. Duk marubucin Hausa da ya taɓa bin bashin kuɗin da aka shelanta da lasifika ranar ƙaddamarwa, ya yi ta sintiri a ofisoshi har takalminsa ya suɗe, ya san nisan da ke tsakanin "za mu zo" da zuwa.

Washegari sai ta rubuta 'yan kalmomi a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023. Ba ta zagi kowa ba. Ta dai ce mutum biyu ne suka zo, abin ya ɓata mata rai, kuma ta ɗan ji kunya. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ta fi nauyi, domin sabon marubuci ba ya fassara kujerun da ba kowa a matsayin matsalar sanyi ko ta nisa. Abin da zuciya ke raya masa shi ne littafin ne bai isa ba, shekarun kuma a banza suka tafi.

Abin da ya biyo baya shi ya sa labarin ya zagaya duniya. Manyan marubuta da ke sayar da miliyoyin kwafe suka fito ɗaya bayan ɗaya suna tona nasu asirin. Stephen King ya ce a zamansa na farko na sa hannu a kan 'Salem's Lot, littafinsa na 1975, mutum ɗaya ne ya tsaya a gabansa, wani yaro, shi ma tambaya yake ina ake ajiye littattafan da suka shafi 'yan Nazi. Jodi Picoult ta ce ta sha zama ita kaɗai, in wani ya matso sai ta tarar makewayi yake nema. Margaret Atwood ta ƙasar Kanada kuwa cewa ta yi ta taɓa zaman da ba wanda ya zo sai wani mutum mai neman salatif, wanda ya ɗauka ita ce mai jiran kanti. Atwood dama ta daɗe da sanin wannan ɗaci. Lokacin da ƙagaggen labarinta na farko, The Edible Woman, ya fito a 1969, a sashen safa da kamfai na maza na wani babban kanti a birnin Edmonton aka kafa mata tebur, magidanta masu sayayya suna ratsa ta suna kawar da kai.

Cikin 'yan kwanaki cinikin littafin Banning ya tashi, jaridu da gidajen rediyo suka yi ta nemanta. Mafi yawan masu ba da labarin a nan suke tsayawa, kamar tatsuniyar marainiyar da ɗan sarki ya aura. Sai dai wannan ɓangaren sa'a ce tsagwaronta, kuma ba a koyar da sa'a. A kowane mako akwai sababbin marubuta da ke zaman irin wannan kujera, su tattara kayansu su koma gida ba tare da wani mashahuri ya ji labarinsu ba. Abin da ya fi cinikin amfani shi ne abin da manyan suka fallasa: wannan kunya da kowane sabon shiga yake zaton tasa ce shi kaɗai, ashe gadon sana'ar ce, ɓoye ta kawai ake yi. Hotunan da ake yaɗawa na dogayen layuka ne a gaban tebur. Ba wanda ke ɗaukar hoton ranar da aka zauna ana juya alƙalami.

Ga wanda ke rubutu domin matasa, lamarin ya ƙara tsauri ta wata fuska. Makarancinsa ɗan shekara 13 ko 15 ba shi da mota, sau da yawa ba shi da kuɗin littafin, ranar Asabar ɗinsa ma ba a hannunsa take ba. Ta hannun wani babba littafi ke isa gare shi, ko uwa, ko malamin adabi, ko mai kula da ɗakin karatun makaranta. Shi ya sa marubutan matasa a Amurka suka fi dogara da ziyarar makarantu, inda ɗalibai ke zaune a aji tun kafin baƙo ya iso. Haka ma a Kano a shekarun 1990, lokacin da littattafan soyayya suka cika kasuwa, kwafi guda yakan bi hannun 'yan mata da yawa ta hanyar aro da shagunan haya, marubucin bai taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ba, sai dai wasiƙun da ke zuwa ta adireshin da ya buga a littafin. Wanda ya ƙirga masu karatun irin wannan marubuci da yawan waɗanda suka tako zuwa gabansa, ya yi kuskuren lissafi.

Akwai wani ɗan aiki da ake yi a ƙarshen irin wannan zama, ko an cika ko ba a cika ba. Mai kanti yakan roƙi marubucin ya sa hannu a kan ragowar kwafen da ba a saya ba. Sai ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana rattaba sunansa a shafin da babu sunan kowa a samansa. Daga nan a manna wa kowanne 'yar takarda mai nuna cewa da hannun mawallafi a ciki, a mayar da su kan kanta, a naɗe mayafin teburin.