Sunan Maigida da Gumin Yara

Duk wanda ya taɓa riƙe faifan garmaho ya san abin da ake bugawa a tsakiyarsa, wato sunan waƙa da sunan mai ita. Sauran waɗanda suka zuba gumi a kan faifan, masu ganga da masu amshi, sai dai kunne ya ji su. Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, musamman tun da na shiga nazarin waƙoƙin baka a wannan sashe namu. Inda na fi ganinsa a fili kuwa shi ne tarihin wata ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Wings, masu kiɗan nan na jita da ganguna da ake kira rok. Dalili shi ne an rubuta tafiyar wannan ƙungiya wata bayan wata, har mutum yana iya bin sawun kowane yaro daga ranar da ya shigo zuwa ranar da ya ɗauki kayansa ya fita.

Maigidan ƙungiyar shi ne Paul McCartney, ɗaya daga cikin mutum huɗun nan na Beatles waɗanda suka watse a shekarar 1970. A 1971 ya haɗa sabuwar ƙungiya, shi da matarsa Linda, da Denny Laine mai jita, da wani Ba'amurke mai ganga, Denny Seiwell. A farkon 1972 aka ƙaro Henry McCullough, gwanin jita daga Ailan ta Arewa, wanda ya riga ya yi suna tun yana bin mawaƙi Joe Cocker. Suka cika biyar.

A watan Fabrairu na 1972 suka fara yawon kiɗa, irin wanda ba a saba gani ba ga mutum mai suna kamar McCartney. Suka shiga mota da 'ya'ya da karnuka, suna bin jami'o'in Ingila ba tare da sanarwa ba. In sun isa, sai a aika a tambayi shugabannin ɗalibai ko suna son wasa. Jami'ar Nottingham suka fara sauka, ranar 9 ga wata. Kuɗin shiga bai wuce rabin fam ba, kuma abin da aka tara a ƙofa rarrabawa ake yi a tsakaninsu. A ganina waɗannan makonni ne kaɗai Wings ta yi zaman tsara da tsara.

Kafin in ci gaba, ya kamata mai karatu ya san cewa a wancan zamani faifai iri biyu ne a wannan sana'a. Akwai babba, mai ɗaukar waƙa goma ko fiye. Akwai kuma ƙarami, mai waƙa ɗaya a kowace fuska, wanda ke juyawa sau 45 a minti. Ƙaramin shi ne ɗan aike: shi gidajen rediyo ke sawa, shi ke riga makaɗa isa gari, kuma da cinikinsa ake auna ko tauraruwar ƙungiya na haskawa. Saboda haka duk abin da maigida ya zaɓa ya sa a ƙaramin faifai, da shi za a san yaransa, ko sun so ko ba su so ba.

Ƙananan faya-fayai uku Wings ta fitar a 1972. Na farko ya fito ne a ƙarshen Fabrairu, yana kira ga Birtaniya ta fita daga Ailan, bayan da sojojinta suka harbe mutum 13 a garin Derry ranar 30 ga Janairu. Gidan rediyon BBC ya hana sa waƙar, amma a Jamhuriyar Ailan ta zo ta ɗaya a ciniki. McCartney ya faɗa daga baya cewa an tare ɗan'uwan McCullough a Ailan ta Arewa an yi masa duka saboda wannan waƙa. Ga wanda ya tsara waƙa yana zaune lafiya, ga kuma gidan da aka biya bashinta. Faifai na biyu, na watan Mayu, waƙar yara ce a kan ɗan rago, kuma an sha ba da labarin cewa gwanin jitar bai ji daɗin tsayawa gaban jama'a yana kaɗa ta ba. Na uku ya fito a Disamba, shi ma BBC ta hana. Tsakanin na biyu da na uku, a Yuli da Agusta, sun zaga ƙasashen Turai a cikin bas mai hawa biyu wadda samanta a buɗe yake.

A watan Maris na 1973 aka fitar da "My Love", wadda ta zo ta ɗaya a Amurka. Labarin ɗaukarta shi ne ya fi tsaya mini a rai. An shirya komai, ga taron masu goge na Turawa suna jira, sai McCullough ya matso ya roƙi maigida ya bar shi ya sauya kiɗan jitar da aka tsara masa a tsakiyar waƙar. McCartney ya yarda. Abin da hannunsa ya fitar nan take shi ne wurin da masu saurare suka fi yabawa har yau, kuma shi kansa McCartney ya sha yaba masa. To, amma a wannan faifan ne sunan ƙungiya ya koma "Paul McCartney and Wings". A daidai lokacin da yaro ya nuna iyakar gwanintarsa, a lokacin ne sunan maigida ya hau gaba.

Suka zaga Birtaniya a Mayu, suka fitar da waƙar fim ɗin James Bond a Yuni, suka rufe yawo a Newcastle ranar 10 ga Yuli. A duk wannan nasara, yaran suna kan albashin mako, wanda su da kansu suka ce fam 70 ne. Adalci ya sa in faɗi cewa a lokacin dukiyar Beatles tana tsare saboda shari'ar rabuwarsu, wadda ba ta ƙare ba sai 1975. Amma yaro ba ya cin uzurin maigida, kuma abin ya yi kama da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A watan Agusta, ana cikin gwaji a gonar McCartney da ke Sukotlan, gardama ta tashi a kan yadda za a kaɗa jita, McCullough ya fice. Ana gobe za a tashi zuwa ɗaukar sabon babban faifai, Seiwell ya bugo waya ya ce ba da shi ba.

Inda za a ɗauki faifan kuwa ƙasarmu ce. A lokacin kamfanin EMI yana da ɗakin ɗaukar kiɗa a Apapa, cikin Ikko, kuma McCartney ya zaɓe shi don sauya iska. A ƙarshen Agusta 1973 suka sauka su uku, damina ba ta ƙare ba. Wani dare 'yan fashi suka tare shi da matarsa da wuƙa, suka tafi har da kaset ɗin da ya ajiye gwajin waƙoƙin a ciki. Fela Kuti kuma ya zarge su da cewa sun zo satar kiɗan Afirka, sai da aka kai shi ɗakin ya saurara da kunnensa. Duk da haka aiki ya yiwu, domin na'urar ɗakin tana da layi takwas. Mutum ɗaya yana iya buga ganga a layi guda, ya dawo ya ɗora jita a wani, ya sake dawowa ya ɗora murya. Haka McCartney ya zama mai gangar kansa. Faifan, Band on the Run, ya fito a Disamba 1973, ya zo na ɗaya a Amurka da Birtaniya, kuma shi ne aka fi yabawa cikin duk ayyukan Wings.

Wani zai ce, to, ai magana ta ƙare, tunda an yi babu su kuma an ci riba. Ni ban ga haka ba. Na'ura tana iya ninka hannun mutum ɗaya a cikin ɗaki, amma a gaban jama'a hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga wasan Newcastle na Yuli 1973, Wings ba ta sake fita yawon kiɗa ba sai Satumba 1975, bayan an samo Jimmy McCulloch a jita, an gwada Geoff Britton a ganga, sa'an nan aka tsaya a kan Joe English. Fiye da shekara biyu ke nan ba a fita yawon kiɗa ba. Waɗannan ma a 1977 suka tafi, aka sake ɗauko wasu. Laine kaɗai ya jure daga farko har 1981, kuma fitarsa ce ta rufe littafin ƙungiyar.

Abin da ya sa na kawo wannan labari cikin mujallar sashen Hausa shi ne, mu ma haka muke kiran waƙa. Mukan ce waƙar Narambaɗa, waƙar Ɗanƙwairo, waƙar Shata. In ka cire irin su Ɗanmaraya Jos, wanda shi da kuntiginsa ne kawai, kowane ɗayansu yana tafe da masu kotso ko kalangu, da 'yan amshi, da sanƙira. Wanda ya saurari kiɗan fada da kyau ya san 'yan amshi ba maimaici kaɗai suke yi ba: sukan karɓe ɗa daga bakin maigida su ƙarasa, sukan yi ƙari. Waƙar da muke zaunawa mu feɗe a aji, muna yaba salonta, aikin baki da yawa ce.

Bambancinmu da masu tarihin Wings shi ne su sun ajiye sunaye da ranaku, har ɗalibi a nan yana iya sanin watan da Seiwell ya ajiye sandunansa. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu fita neman waƙoƙi don kundin digiri, da malamanmu masu duba aikin. In an gama hira da maigida, a nemi yaransa a zauna da su. A rubuta sunan mai kalangu da garinsu, da shekarar da ya shigo, da wanda ya gada. A tambayi yadda ake raba abin da aka samu a gidan biki, da wanda ya bar ƙungiya da dalilin barinsa, da yadda amshi ya sauya bayan tafiyarsa. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah tsofaffi ne yanzu, kuma abin da suka sani ba ya cikin faifai.